Cikin da Auta Ta Koyi Aiki a Kansa

Ni dai tela ce, kuma tun da nake ban taɓa tsammanin akwai ranar da cikina zai shiga makaranta ba. Auta ce ta kai shi. Ita ce ƙaramar 'ya'yana, ita kaɗai ta rage mini a gida bayan rasuwar babansu, yayyenta kuwa kowa ya kama gabansa. Da ta gama sakandare ta ce ita aikin hoton ciki za ta koya, wannan da ake shafa wa mutum mai a ciki a ɗora masa wani abu, sai ga hantarsa da ƙodarsa a allo kamar ana kallon talabijin. Na ce likita za ki zama ke nan. Ta ce a'a, nata shi ne ta ɗauki hoton, ta auna, ta ajiye, likita ya duba ya yi wa mara lafiya bayani.

Na ce, "To ai irin aikina ne. Ni in yanka in ɗinka, wata ta sa ta fita a yabe ta."

Ta ce, "Mama, ke komai sai kin ja shi kin kai kan keken ɗinki."

Karatun ya ci ta ba kaɗan ba. Shekarar farko duk littafi ne, ta cika bangon ɗakin da nake ɗinki da zanen kayan cikin mutum, har wata mai kawo mini yadi ta tambaye ni ko na koma sana'ar fawa. Da suka shiga aikin hannu sai suka fara da junansu, wannan ta kwanta waccan ta duba, har suka haddace cikin juna ba sauran abin koyo. Daga nan aka ce kowa ya kawo wani daga gida. Auta ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai tayin akuya, ta ce ni ce daidai, don na'urar ta fi son siririn mutum. Duk rayuwata ana yi mini gorin rama, sai ga shi rana ɗaya ta zama abin nema.

Ɗakin gwajin nasu duhu gare shi ko da rana tsaka, labule mai kauri a kowace taga, ga sanyi kamar za a ajiye nama. Gadon siriri ne mai shimfiɗar leda, in ka motsa sai ya yi ƙara. Ba a cin komai tun safe kafin a zo, ko ruwan shayi, wai abinci yana ɓata hoto. Sai a ɗage mini riga, a matso wani mai mai yauƙi da sanyin tsiya, Auta ta ɗora kan na'urar, wani abu mai kama da ƙaramin dutsen guga, ta yi ta zamewa da shi tana kallon allo. Ni in na leƙa ba na ganin komai sai toka-toka da baƙi-baƙi. Su kuwa sai su taru a kaina suna sha'awa. Wai komai nawa yana zaune inda littafi ya ce, har suka sa mini suna Maman Littafi. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi, na riƙa shiga makarantar ina taku kamar da ni aka gina ta.

Malamarsu wata doguwar mata ce da ban taɓa ganin haƙorinta ba. Yaran suna kiranta Ƙanƙara in ta ba da baya. Ita ce ta fara gaya mini matsalar Auta, a gabanta, ba ko sayawa.

Ta ce, "Hannun 'yarki ya fi na kowa a ajin nan, idonta ma haka. Fuskarta ce ba ta da ƙofa."

Ai ban musa ba. Tun tana ƙarama Auta ba ta iya ɓoye ko da ƙwayar gyaɗa ba. In ta fasa kofi, kafin ta buɗe baki fuskar ta riga ta kai ƙara. Ni kuwa abin ya zame mini hutu, don ban taɓa wahalar sanin abin da ke ranta ba. Ashe a wannan aikin aibi ne babba. Mara lafiya yana kwance ba ya ganin allo, fuskarka yake karantawa. Kai kuma ba likita ba ne, abin da ka gani yana iya zama shi, yana iya zama ba shi ba, kuma ko shi ne akwai wanda ya kamata ya faɗa da yadda ake faɗa.

Abin da Malama take gudu shi ya faru. An tura su babban asibiti koyon aiki, aka kawo wani dattijo da ciwon ciki, 'ya'yansa biyu suna tsaye a kansa. Auta ta ɗora na'ura, ta ga abin da ta gani, sai kawai ta ce innalillahi a fili, idonta ya kawo ruwa. Kafin likita ya iso ɗakin ya kaure da kuka, an riga an kira 'yan uwa a waya, dattijon ya juya fuska bango ya ƙi yi wa kowa magana. Abin da ta gani gaskiya ne, amma wannan bai cece ta ba. Malama ta hana ta shiga jarrabawar hukumar da ke ba da lasisi a wannan shekarar. Mai jarrabawar sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma aka gaya mata ƙarara cewa zuwansa na gaba shi ne damarta ta ƙarshe. In ta faɗi, ko dai ta koma ajin farko ko ta nemi wata hanyar.

Wannan shekarar ta yi mana tsawo. Ƙawayenta suka karɓi takardunsu suka watsu, wata asibitin haihuwa, wata asibitin kuɗi, wata har wani gari aka kira ta, don masu aikin ba su da yawa, ana nemansu ido rufe. Sukan biyo ta gidanmu da farar riga a hannu, Auta ta yi musu murna da baki, fuskar kuwa tana faɗin wani abu daban. Shugaban sashen hoto na babban asibiti ya ce mata akwai gurbi yana jiranta, amma ba zai iya ba ta na'ura ba sai da lasisi. Tana zuwa can tana taya su shirya marasa lafiya da goge gado. Ɗakin gwajin makaranta kuwa na 'yan aji ne, ita ta fita daga aji, don haka cikina ya samu dogon hutu.

Ni na kawo dabarar, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce tunda fuska ce matsalar, fuskar za mu gyara. Kullum da yamma in na rufe keke sai in kwanta a doguwar kujera, ta ɗauko kwalbar man shafawa ta ɗora mini a ciki a matsayin na'ura, ta kafa wa bango ido a matsayin allo. Ni kuma in yi ta jefa mata labari.

"Kin san ɓera ya cinye sabon mayafinki?"

Sai girar ta ɗaga.

"Kin faɗi. Sake."

"Yayanki ya kira, wai an kore shi daga aiki."

"Mama, da gaske?"

"Kin faɗi, sakarya. Wa ya ce ki tambaya?"

Wani lokacin dariya ce take kayar da ita, don na iya shirya ƙarya in na so. Muka yi ta yi, wata da watanni. A hankali girar ta daina ɗagawa, leɓen ya daina rawa. Wata rana ta ajiye kwalbar ta ce ƙaryata ta daina yi mata komai, don ta san ƙarya ce, in faɗa mata gaskiya mai zafi. Sai na ba ta labarin ranar da babanta ya rasu, tana makarantar kwana, yadda ya yi ta juya kai yana tambayar ko Auta ta iso, har muryarsa ta ɗauke. Ban taɓa gaya mata ba. Tana ji, kwalbar tana zamewa a cikina a hankali, idonta a bango, fuskar ko gezau. Da na gama ta ce, "Juya ta hagunki." Na juya, na yaba mata, na ce yanzu kam ta iya. Daga nan na tashi na shiga kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke, don raina bai yi mini daɗi ba.

A cikin watannin nan ne zanina ya fara zagaye ni fiye da yadda ya saba. Abinci ya fita daga raina, in na ci loma kaɗan sai in ji kamar na cinye tukunya. Na ɗauka zafi ne da shekaru. Tela ba ta rasa yadda za ta yi da rigar da ta yi mata yawa, na rage su ɗaya bayan ɗaya ban ko kawo komai a raina ba. Auta ta lura, ta ce mu je a duba ni. Na ce jarrabawarki ce take cina, ki ci ta ki ga yadda zan yi ƙiba har ƙofa ta gagare ni. Ta yi dariya, muka bar maganar zuwa bayan jarrabawa.

Ranar jarrabawa kowane ɗalibi da mutuminsa yake zuwa, mai lafiya, wanda za a duba. Ba a ma tsaya tambayar wa Auta za ta kawo ba. Muka zauna a benci a baranda tun da safe, cikina ba komai, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. An ja mana kunne cewa wanda ake dubawa ba ya magana sai an tambaye shi, ɗalibi kuma ya ɗauke shi baƙo ne da bai taɓa gani ba.

Da aka kira mu na tarar da ɗakin yadda na bar shi, duhun nan da sanyin nan. Mai jarrabawar wani tsoho ne mai tabarau, yana zaune gefen na'ura da biro a hannu. Malama tana can kusurwa a kujera, ta harɗe hannu. Na kwanta. Auta ta wanke hannu ta matso.

Ta ce, "Ina kwana, Mama. Ni ce zan ɗauki hotonki yau. Za ki ji ɗan sanyi."

A asibiti duk tsohuwa Mama ce, kuma irin wannan Maman ta kira ni da ita. Na so in yi dariya, na danne.

Na haddace tafiyar hannunta kamar yadda na haddace hanyar kasuwa. Tana farawa daga ƙasan ƙirji, ta zame dama ƙarƙashin haƙarƙari inda hanta take, ta danna maɓalli hoton ya tsaya, ta ajiye, ta wuce matsarmama, ta wuce ƙoda, sannan a ce in juya. A hanta ba ta daɗewa, don tawa ba ta ba kowa wahala. Ranar nan ta zo hanta ba ta wuce ba. Ta karkata kan na'urar, ta koma baya, ta sake zuwa. Na ji ƙarar maɓallin awo, ƙit, ƙit. Ta matsa gaba kaɗan, na sake jin ƙit, ƙit. Ta ƙara matsawa, ta ƙara aunawa. Ni da na tsufa da tef a wuya na san ba a yawan auna wuri ɗaya sai da dalili.

Biron tsohon ya daina motsi. Ya gyara tabarau ya sunkuyo. Na ji ƙarar kujerar Malama, sai ga ta tsaye bayan Auta, hannun da ta harɗe ya sauka.

Sai na nemi fuskar 'yata, kamar yadda nake yi tun ranar da aka miƙo mini ita. Hasken allo yana kanta, ina ganinta sarai. Babu komai a ciki. Gira a zaune, baki a rufe, ido a kan aiki. Na duba ko'ina, gefen hanci, ƙasan leɓe, wuraren da ni kaɗai na sani, ban samu ko alama ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma wadda zan tambaya tana tsaye a kaina ta rufe ƙofa.

Malama ta yi gyaran murya. Ta ce, "Yallaɓai, ko za mu dakata a nan?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi Auta. A hankali ya ce mata, "In kin tsaya ba wanda zai ga laifinki. Sai dai ni ba ni da ikon rubuta abin da ban ga kin yi ba. Ke za ki zaɓa."

Hannun da ke kan cikina ya yi nauyi. Na san in na bar ta ta yi tunani za ta ajiye na'urar, shekarun nan duka su bi ruwa. Aka ce kada in yi magana, amma ban ga ranar da doka za ta yi mini amfani ba.

Na ce, "Yallaɓai, ni ban gaji ba. Tun safe ko ruwa ban sha ba saboda wannan abu, kuma ba zan sake wannan yunwar ba. A gama kawai."

Sai Auta ta danna maɓalli ta ajiye hoton, hannun ya zame ya wuce matsarmama. Ta duba ƙoda. Ta ce in juya, na juya, ta duba saifa da ɗaya ƙodar, ta ma ƙara da wasu wuraren da ba ta saba zuwa ba, ƙasa-ƙasa wajen hanji. Ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake komai ba. Tsohon ya ci gaba da rubutu. Ni kuwa na kafa wa silin ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi don kaina, rabi don kada hannun nan ya yi rawa.

Da ta gama ta goge mini man da kanta, ta sauke mini riga, ta tallafe ni na zauna. Ban san lokacin da tambayar ta fito ba. Ba gwada ta nake yi ba, wallahi, tsohuwa ce kawai a tsorace.

"Auta, me kika gani?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Likita zai duba hotunan ya yi miki bayani, Mama. Ki ɗan zauna, kada ki tashi da sauri."

Suka fita su uku, don abin da ta gani sai a waje za ta faɗa musu, inda mara lafiya ba ya ji. A lokacin na gane cewa ni ce mara lafiyar. Na zauna a bakin gadon ƙafata tana lilo, na rasa inda takalmina yake. Can sai Malama ta dawo ita kaɗai. Matar nan da yara suke tsoro ta durƙusa ta jawo takalmin daga ƙarƙashin gado ta sa mini da hannunta, sannan ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Ta ci. Na daɗe ina wannan aikin, ban ga wanda ya yi abin da ta yi yau ba."

Na ce, "Alhamdulillahi. Tana ina?"

"Tana banɗaki. Ki bar ta tukuna."

Banɗakin yana jikin ɗakin. Muna zaune muna jin famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba. Da ta fito fuskarta a wanke take tas, ta ɗauki jakata ta ce mu tafi, Malama ta yi magana da wani likita, gobe zai gan mu.

Sauran ba shi da daɗin faɗa, ba zan ja shi ba. Aka ɗebi jini, aka sa ni a wata babbar na'ura, aka tsaga aka ɗauki ɗan nama. Likita ya zaunar da ni ya yi bayaninsa da kyau, yadda aka koya masa. Ciwon daji ne, daga hanji ya faro, ya riga ya haura hanta ya yi 'ya'ya. Magani zai rage masa gudu, ba zai kore shi ba. Na ce Allah ya sa kaffara ne. Yayyenta suka zo, aka yi kuka aka gaji, aka tsara wanda zai riƙa zama da ni. Auta ce mai riƙe da komai, ita ta san wane magani ake sha kafin abinci, ita take magana da likitoci da yarensu. Kowa yana yabon ƙarfin halinta. Ni kuwa kewar 'yata nake yi, ga ta a gabana. Ina so in ga fuskar nan ta dā wadda take gaya mini komai, ko da abin da za ta gaya mini ba mai daɗi ba ne.

Wata yamma tana yanke mini farce na kasa haƙuri.

Na ce, "Ke wai ba za ki yi kuka ba ne? Kowa ya yi, har matar yayanki da ba ma shiri."

Ba ta ɗago ba. "In na fara ba zan iya tsayawa ba, Mama."

"To wa ya ce ki tsaya?"

Ta kama ɗaya yatsan. Can ta ce lasisin ya fito, babban asibiti sun kira ta, amma ta yanke shawarar za ta ce su ba wani, ta zauna da ni tukuna. Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai da na ji na fizge hannuna.

Na ce, "Tukuna sai yaushe? Sai na mutu? Ki zauna ki tasa ni gaba kina ƙirga mini kwana? Na kwanta a gadon ledar nan sanyi ya ci ni, na yi yunwa, na riƙe bakina rannan kina auna ajalina, don ki zo ki zauna yanke farce? Ranar da suka ce ki fara za ki fara. Ni zan ɗinka miki rigar, ba za ki sa wannan buhun da suke rabawa ba."

Na ɗinka kuwa, duk da sai da na riƙa hutawa a tsakani, ƙafata ba ta iya taka keke kamar dā. Ta fara aiki. Takan fita da safe ta dawo da yamma da warin sabulun asibiti, ta ba ni labarin masu ciki da suke roƙonta ta faɗa musu mace ce ko namiji, da wani mutum da ya haɗiye ƙusa. Labarin waɗanda ta ga irin nawa a cikinsu ba ta kawo mini shi gida, ni ma ba na tambaya.

Bayan na yi watanni ina shan magani, gashi ya zube, baki ya yi ɗaci, likita ya ce a sake hoton hanta a ga inda aka kwana. Na yi murna a raina, don a sashensu ne. Na ce wa Auta ta sa ni farkon layi, ba zan yi yunwa har azahar ba. Ta ce za ta sa ni farko, amma ba ita za ta duba ni ba. Doka ce, ma'aikaci ba ya ɗaukar hoton ɗan uwansa na jini.

"Wace irin doka? Cikin da kika koyi aikin a kansa?"

"Lokacin ba ki da ciwo, Mama. Yanzu ke mara lafiya ce, ni kuma 'yarki ce. Sun ce ido yakan ga abin da yake so ya gani."

Na yi mita iya mita, ba ta sauya komai ba.

Yayarta ce ta kai ni a keken guragu, don barandar asibitin ta fi ƙarfin ƙafata yanzu. Sashen babban ɗaki ne da aka raba da katako, katakon bai kai sama ba, kowane lungu da gadonsa da na'urarsa. Wata yarinya mai ƙaramar murya ta karɓe ni, ta gaishe ni da ladabi, ta taimaka mini na hau gado. Ba laifi, ta iya aikinta. Amma hannunta baƙo ne, yana danna inda bai kamata ba, yana sauri inda ya kamata ya tsaya. Na rufe ido na bar ta.

Sai na ji murya daga bayan katakon. An shigo da wata tsohuwa a lungun da ke jikin nawa, daga ji a tsorace take, tana ta tambayar ko abin yana da wuta, ko zai ja ta. Auta tana lallashinta, tana ce mata ba zafi, ta kawo hannu ta taɓa ta ji. Ta tambaye ta jikoki nawa gare ta, wanne ya fi rigima. Tsohuwar ta fara lissafo su, har ta ɗan yi dariya. Na kasa kunne ina jin 'yata tana aiki. Daɗi ya cika ni, kishi ma ya cika ni, don tsohuwar nan ba ta san hannun wa ta samu ba, ni kuwa ba zai sake hawa cikina ba.

Muryar ta ce, "Yauwa, Mama. Ja numfashi sosai. Riƙe."

Na ja, na riƙe.

Yarinyar da ke kaina ta tsaya. Ta ce, "Mama, saki, ban ce ki riƙe ba tukuna. Hoton yana gudu."

Na ji ta. Ƙirjina ya fara zafi, hawaye yana gangarowa yana shiga kunnena. Ta sake cewa in saki, ta taɓa kafaɗata. Ban saki ba sai da Auta ta ce a saki.